Wankin Saj

Ka tambayi kowa a unguwar Alhilla Kuku ta Khartum inda ake samun kisrar kirki, zai nuna maka koren ƙyauren Iya Fatna. Kisra ita ce wainar dawar mutanen Sudan, tata kuwa siririya ce, in ka ɗaga falle ɗaya kana iya hango wanda ke tsaye a gabanka. In ka yaba sai ta taɓe baki ta ce ai ƙullu ne ya yi kyau. Ƙarya take yi, wallahi, yabon nan tana son sa kamar me.

Amma ba don masu saye take tashi tun da jijjifi ba. Don Basma take tashi. Basma jikarta ce, 'yar Haisam autan Iya, yarinya mai shekara huɗu da surutun tsiya. Uban yana can Bur Sudan yana aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa, daga sallah sai sallah ake ganinsa. Uwar kuwa, Ni'mat, tun safe take fita aiki a wani kantin magani a Bahri. To wa ya rage? Iya ce ta goya ta, ita ta yaye ta, a bayanta ta koyi magana. Sauran jikokin duk Larabci suke yi, in ka yi musu Hausa su zuba maka ido kamar ka zage su. Basma kaɗai ke mayar mata da magana da harshen da kakannin Iya suka taho da shi a ƙafa kan hanyar Makka, suka zauna nan ba su koma ba. "Ƙawata," haka Iya ke kiran ta. Kullum tana tsugune gefen murhu, duk bakin kisrar da ya gutsure nata ne, da zafinsa take jefawa a baki.

Shekarar da ta biyo bayan babbar girgizar ƙasar Japan, tsohon saj ɗin Iya ya gaji. Saj shi ne faffaɗan ƙarfen da ake shimfiɗa ƙullun a kai, kuma nata ya yi ƙusumbi a tsakiya, gefe ya ƙone gefe ya ƙi nuna. Ta ƙetare gada zuwa Umdurman wajen Ɗantsoho maƙeri, wanda rumfarsa ke bayan masu sayar da sassan motoci. Ya yanko mata sabo daga daɓen bayan wata motar ɗaukar kaya da aka kawo a yanke biyu daga Japan. Ya buga shi da yatsa ya yi ƙara mai daɗi.

"Yaya Fatna, wannan ƙarfen sai dai ki bar wa jikoki gado."

Kai, saj ya yi kyau! Wuta ta kama shi daidai, kisra na tashi da kanta ba ta mannewa. Da Haisam ya kira waya ran nan, ba ta ma bari ya gama gaisuwa ba ta hau ba shi labari: ƙarfen Japan, daga bayan mota, sumul. Tana maganar ne wayar na maƙale a kafaɗa, hannu ɗaya na shimfiɗa ƙullu, ga iskar teku tana hura wayar daga can. Shi kuma irin yaran yanzu, ya faro magana da Hausa ya ƙarasa da Larabci.

"Iya, kayan Japan ɗin nan, ki yi hankali, fiha ish'a, gara ki dai…"

Sai layin ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Larabcin Iya na kasuwa ne da na maƙwabta, ya ishe ta ciniki da faɗa da kwandasta. Kalmar da ta sani ita ce isha'a, jita-jita, wadda ake sha kullum a layin burodi: yau sukari zai ɓace, gobe za a canja kuɗi. Ta ɗauka yaron yana gaya mata ana ta ƙananan maganganu a kan kayan Japan. To sai me? Ai duk abu mai kyau sai an yi masa.

"To, na ji, Auta. Allah ya kyauta," ta ce da layin ya dawo.

Shi ya ajiye waya da cewa ta ji ta daina. Ita ta ajiye ta ɗebo wani ƙullun. Wasali ɗaya ne tsakanin kalmomin biyu, kuma a kan wasalin nan aka yi damina aka yi kaka Basma na cin kisra daga saj ɗin.

Sai da Haisam ya zo babbar sallah maganar ta fashe. Da hantsi ya fito ɗaki yana miƙa, ya ga uwarsa a gaban murhu, ya ga ƙarfen yana ƙyalli, ya tsaya cak.

"Iya, wannan wane saj ne?"

"Na Japan ɗin mana. Zo ka ɗanɗana ka ji."

"Ban ce ki daina ba?"

"Yaushe? Cewa ka yi ana isha'a a kai."

"Ish'a na ce, Iya! Ish'a! Innalillahi."

Ni'mat ta leƙo daga ɗaki da tsintsiya a hannu. Ita ta yi makaranta, ba ta buƙaci fassara ba. Tsintsiyar ta faɗi. Ta yi tsalle ɗaya ta fizgo Basma daga gefen murhu, ta cusa mata yatsa a baki ta ƙwaƙulo lomar da ke ciki. Yarinya ta fasa ihu. Iya na zaune da hannu a ƙullu tana kallon su ɗaya bayan ɗaya, ba ta san me ta yi ba.

Haisam ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali, da Hausa tsantsa wannan karon, ga shi an makara. Ya ce girgizar ƙasar nan ta fasa wata tashar nukiliya, wani irin burbushi, shi ne ish'a ɗin, ya tashi sama ya sauko da ruwan sama a kan gidaje da gonaki da motoci. Ba ya wari, ba shi da launi, harshe ba ya jin sa. In ya shiga cikin mutum yana iya kwanciya shekaru kafin ya tashi da cuta. Ya ce da idonsa ya ga ana bin kayan Japan da wata na'ura a tashar jiragen ruwa, wasu a ware su gefe. Amma ba duk kaya ke bi ta tasha ba, wasu ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, babu wanda ya auna su.

"To wannan yana da shi?"

"Ban sani ba, Iya."

"Wa ya sani?"

Ya miƙe ya sauke saj ɗin daga kan murhu.

Naman sallar nan babu wanda ya ji daɗinsa a gidan. Aka jingine saj a bayan ɗaki, Iya ta aika wa masu saye cewa ba ta da lafiya. Ni'mat ba ta yi mata rashin kunya ba, ko kusa, yarinya ce mai tarbiyya. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Abin da ta yi shi ne ta ware wa Basma kwano da cokali da kofi, ta ɓoye su a ɗakinta. Burodi take saya mata daga gidan burodi. In Iya ta miƙa wa yarinyar ko dabino ne, sai uwar ta karɓa da murmushi ta ce, "Bari in ajiye mata, Iya," kuma ba a sake ganin dabinon.

Kowane abu ya zama alama. Basma ta yi haɓo, wanda duk lokacin zafi take yi tun tana rarrafe, amma wannan karon Ni'mat ta zauna da tsumman jinin a hannu tana kuka. Gashi ya fita a mataji, aka ɗaga shi aka duba a rana. Yarinya ta yi barcin rana ya yi tsawo, aka tashe ta a ga ko za ta tashi. Sun kai ta wajen likita, ya shafa wuyanta, ya ɗebi jini, ya ce bai ga komai ba. Ni'mat ta ce to shi ke nan ta tsira? Ya ce irin wannan, in ma akwai, ba yanzu yake nunawa ba, a riƙa kawo ta dai lokaci lokaci. Wannan wace irin amsa ce, don Allah? Sun tafi da tsoro ɗaya sun dawo da tsoron da ba shi da ranar ƙarewa.

Iya ma ba barci take ba. Tana kallon Basma tana wasa sai ta riƙa tuna kowane gutsuren da ta hura ta sa mata a baki da hannunta. Ta ji haushin Auta da Larabcinsa, ta ji haushin waya, ta ji haushin kunnenta. Daga ƙarshe duk haushin ya taru a kanta ita kaɗai.

Ta sake ƙetare gada zuwa Umdurman. Ɗantsoho na tsaye cikin hayaƙi yana dukan wani ƙarfe, da ya ji abin da ya kawo ta sai ya tuntsire da dariya.

"Haba Yaya Fatna! Ƙarfen da na gasa sai da ya yi ja wur? Wace guba ce wuta ba ta ci?"

"An ce wannan wuta ba ta cin ta. Daga wane gari motar ta fito?"

"Japan mana."

"Japan ɗin gari ɗaya ne?"

Ya ajiye guduma ya sosa ƙeya. Shi dai daga hannun dillali ya saya, dillalin kuma daga hannun wani, wanin nan an ce ya koma Dubai. Ragowar ƙarfen ya yanka wa mata da yawa, wasu saj wasu murhu, babu wadda ta dawo ta ce ta mutu. Ya sake yin dariya, amma wannan ba ta kai ta farko ba, kuma da ta juya za ta tafi ta gan shi yana duban tafin hannunsa.

Ana gobe Haisam zai koma bakin aiki, Ni'mat ta zo ta durƙusa a gaban Iya, kanta a ƙasa. Ta ce tana so ta kai Basma gidan iyayenta a Jabal Awliya, su zauna can, ta bar aikin ma in ta kama. Jabal Awliya! Mota biyu ce ko uku, wuni guda a hanya ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kuma can babu mai yi wa yarinyar Hausa, kafin shekara ta zagayo za ta dawo tana kallon kakarta kamar sauran.

Haisam ne ya shiga tsakani. Ya ce yana da aboki, yayan abokin, Ustaz Tariq, yana aiki a wani ɗakin gwaji a Khartum inda suke da irin na'urar nan. Ya yi masa magana, ya yarda a kawo saj ɗin ya duba, alfarma ce kawai.

Ni'mat ta share ido ta ce, "In aka ce babu komai, Iya, mun zauna, kuma in nemi gafararki a gaban kowa. In ba haka ba, ki yafe mani, 'ya ɗaya gare ni."

"Na ji, 'yata. Kina da gaskiya."

To, ga inda abin ya lalace, kuma duk wanda zai zagi Iya a kan wannan bai san ta ba. Ranar da za a kai saj ta matso, Haisam ya tafi, Ni'mat na wurin aiki, Basma kuma an bar ta gidan maƙwabta kamar yadda ake yi yanzu. Iya ta janyo ƙarfen daga bayan ɗaki ta dube shi. Ƙasansa baƙi ƙirin da kunkunniya, gefensa ya yi ɓawon mai da ƙullu na watanni, ga tsatsa a lungun da Ɗantsoho ya lanƙwasa. Wannan za ta ɗauka ta kai ofishin mutane masu farar riga? Su ce tsohuwar ƙazama ce, shi ya sa? Ina!

Kuma ba kunya kaɗai ba ce. Kwana da kwanaki tana juya maganar Auta a ranta: abu ne da ba a gani, ba ya wari, ba shi da launi, amma yana nan. Ai ta san wannan. 'Yar malami ce, a zauren ubanta ta girma tana jin ana karanta babin tsarki. Najasar da ido ba ya gani ba sabon abu ba ce. In kare ya yi lallage a kwano, ka duba ba ka ga komai ba, amma kwanon bai tsarkaka ba sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Da ta tuna haka sai ta ji wani sanyi a ranta, karo na farko tun sallah. Ashe abin yana da magani, kuma maganin yana hannunta.

Ta yi bisimilla. Ta sa tsohuwar wuƙa ta kankare ɓawon nan tas, ciki da bai, har lungunan. Ta ɗebi ƙasar tsakar gida ta dirje shi da ita har yatsunta suka yi jini. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake, tana ƙirgawa da baki kada ta yi kuskure. Da ta gama, saj na ɗaukar ido kamar ranar da aka yanko shi.

Ruwan wankin kuwa ya cika bokiti. A unguwar nan famfo sai ya ga dama, ruwa daga mai jaki ake saye, babu macen da ke da hankali da za ta kwarara bokiti guda a kwata. Abin da ake yi da ruwan wanki kowa ya sani: a yayyafa a tsakar gida ƙura ta kwanta, wuri ya yi sanyi. Haka ta yi, da tafin hannu, daga bakin ƙofa har gindin bedi. Ɓawon da ta kankare ta share shi tare da ƙasar, ya baje ya shige, ragowar ruwan ta juye a gindin bishiyar. Ta tsaya ta dubi gidanta ya yi fes, ta ce alhamdulillahi.

Washegari ta naɗe saj a cikin wankakken zane ta hau hafila, motar haya. Kwandasta ya so ya yi mata surutu a kan kaya, ta yi masa kallo ɗaya ya kama bakinsa. A kan gada ta leƙa kogi tana ta salati.

Ustaz Tariq mutum ne mai sanyin murya, da furfura kaɗan a gemu. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, yana kiran ta Hajja. Ya kwance zanen, ya ɗauko wata na'ura da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ya riƙa bin ƙarfen da ita a hankali. Na'urar na yin ƙyas, ta yi shiru, ta sake yin ƙyas. Duk ƙara ɗaya sai Iya ta dubi fuskarsa.

"Kada ki damu da wannan, Hajja, ko a jikin bango na sa ta haka za ta yi." Ya juya saj ya bi bayansa, ya bi gefe. Ya ɗago. "Babu komai a jikinsa."

Iya ta ɗaga hannu sama, hawaye suka zubo mata. Ta sa masa albarka, ta sa wa iyayensa, ta sa wa wanda ya ƙera na'urar. Yana murmushi yana cewa amin, sai ya shafa ƙarfen da yatsa ya duba yatsan.

"Amma an ce mani an daɗe ana aiki da shi. Wannan kamar sabo."

"Ai na wanke shi, ɗana," ta ce da alfahari. "Jiya. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na kankare shi tas."

Murmushin ya tafi. Ya zauna a bakin tebur ya cire tabarau.

"Hajja, da kin kawo shi da dauɗarsa."

Ya yi mata bayani da Larabci mai sauƙi, yana maimaitawa, ita kuma wannan karon ta kasa kunne da dukkan jikinta, ba ta bari ko wasali ɗaya ya wuce ta ba. Ya ce abin, in akwai shi, ba a cikin ƙarfen yake ba, a kansa yake zama, cikin tsatsa da lunguna da ɓawon da ya daskare. Nan ne za a duba a ce akwai ko babu. Yanzu abin da zai iya rantsewa a kai shi ne yau saj ɗin nan tsaf yake. Jiya da shekaranjiya da watannin da yarinya ta yi tana ci, wannan ya tafi da ruwa.

"Ina kika zubar da ruwan?"

Bai jira amsa ba ya ƙara tambaya.

"Da abin da kika kankare, Hajja. Suna ina?"

"Tsakar gida," ta ce. "Na yayyafa."

Ya mayar da tabaraunsa. Sannan ya yi sauri ya ce kada ta tayar da hankalinta, Japan ƙasa ce mai faɗi, motocin da abin ya taɓa kaɗan ne, galiban ma babu komai tun farko.

"Galiban," in ji Iya. "Ka rantse mani babu."

"Ba zan iya ba."

"To in kawo maka ƙasar gidan ka auna."

Ya ce wannan 'yar na'urar ba za ta ji ɗan abin da ya baje cikin ƙasar gida guda ba. Akwai babban inji da ke wannan aikin, amma tun bara ya lalace, ana jiran kayan gyara daga waje, bai san ranar zuwansu ba. Ya naɗe mata saj ɗin da kansa, ya raka ta har bakin titi. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai kirkinsa bai amfane ta da komai ba.

A cikin hafila ta riƙa gwada maganar a bakinta. Sun ce babu komai a jikinsa. Ai ba ƙarya ba ce, haka mutumin ya ce, da bakinsa. Wa zai tambaye ta sauran? Ni'mat ba ta san an yi wanki ba, saj a naɗe yake, in an je gida ta mayar da shi kan wuta kwana biyu ya sake yin baƙi. Galiban babu komai. Mai ilimi ne ya faɗa. Ta riƙe wannan kalmar tun daga Khartum har tashar Kuku, tana jin ta tana zamewa tana sake damƙo ta.

Ni'mat ta dawo aiki da wuri, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hannun Basma, fuskarta duk ta faɗa.

"Iya, me suka ce?"

"Sun ce babu komai a jikinsa."

Yarinyar nan ta saki wani irin kuka ta rungume ta, tana cewa alhamdulillahi, tana cewa Iya ki yafe mani, na wulaƙanta ki a gidanki, shaiɗan ne da tsoro. Ta karɓi ƙunshin saj ta ajiye, ta shiga ɗaki da gudu ta fito da kwanon Basma da kofinta ta jefa su cikin sauran kwanuka. Ta ce bari ta kira Haisam, ta ce gobe ita da kanta za ta jiƙa dawa. Iya na tsaye tana gyaɗa kai. Ta samu abin da ta fita nema, ga shi a hannunta.

Da uwar ta sake ta, Basma ta zubar da takalma ta ruga gindin bedi, inda ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ta tsuguna ta kwaɓa taɓo da hannu biyu, ta shimfiɗa shi a kan wani fasasshen tayil tana lailayawa.

"Iya, zo ki saya! Kisrata ta fi taki!"

Ta ɗaga hannu ta share hanci da shi, taɓon ya shafu a leɓenta, ta sa harshe ta lashe.

Iya ba ta san lokacin da ihun ya fita daga bakinta ba.

"Ɗauke ta! Ni'mat, ɗauke ta daga nan!"

Ni'mat ta fito da waya a kunne. Iya ta faɗa mata duka, a tsaye, ba ta rage komai ba: wuƙar, ƙasar, bokitin, abin da Ustaz ya ce da abin da ya ƙi rantsewa a kai. Ni'mat ta sauke wayar daga kunne. Ta dubi ƙasar da take takawa, daga bakin ƙofa har gindin bishiya. Ta kashe wayar, ta sunkuci 'yarta ta kai ta bayan gida, aka daɗe ana jin ƙarar ruwa da kukan yarinya.

"Kada ku kwana," in ji Iya ta bayan ƙyaure. "Ku tafi yau, tun da sauran rana."

Kafin la'asar ta yi sanyi an gama haɗa jaka. Ni'mat ta fito ɗauke da Basma a kafaɗa, ba ta bari ƙafarta ta taɓa ƙasa ba har suka fita titi. Iya ta bi su a baya zuwa inda ake tsayar da raksha, keken haya mai ƙafa uku. Da za su shiga, Ni'mat ta juyo idonta jajir ta ce, "Za mu riƙa kira, Iya."

"Allah ya kiyaye hanya, 'yata. A riƙa kai ta wajen likitan."

Basma ta leƙo ta kan kafaɗar uwarta, ta ga kakarta ba ta shigo ba.

"Ƙawata, ke ba ki zuwa?"

"Ba yau ba."

"To ɗauke ni."

Ta miƙo hannu biyu, ta zabura har uwar ta kusa sakin ta. Iya ta matso taku ɗaya, sai ta dubi hannuwanta: yatsun da suka dirji ƙarfen, fatar duk ta tsattsage, baƙin abin nan har yanzu yana ƙarƙashin farce. Ta mayar da su bayanta ta harɗe.

"Iya, ɗauke ni mana!"

Mai raksha ya gaji da jira ya ja. Ana jin yarinyar tana kiran ta har suka sha kwana wajen kasuwa, Iya kuwa tana nan tsaye a bakin titi da hannuwa a baya.